Sabon maciji a gida: abin da masu kiwo suka fi nanatawa

Kusan bakinsu ɗaya: a bar shi ya huta mako guda ba a ɗauke shi ba. Ƙin cin abinci a kwanakin farko ba abin tashin hankali ba ne.

Masu kiwon sun fi ba da muhimmanci ga batun ɗumi, domin jikin maciji ba ya samar da zafi da kansa. Akwatinsa ya kasance gefe ɗaya da ɗumi, ɗaya da sanyi, kowanne da maɓoya, murfi kuma ya rufu gam, don gwanin sulalewa ne. A ganina, ma'aunin zafi ya fi duk wani ado amfani.

In yana numfashi baki buɗe, ko baƙaƙen ƙwari na yawo a fatarsa, a garzaya wurin likitan dabbobi. A riƙa wanke hannu bayan taɓa shi saboda ƙwayar cutar Salmonella mai sa mutum gudawa da zazzaɓi.