Neman shawara: me zan shuka da yara kafin hunturu ya sauko?

Malamar aji 4, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Nan Kumasi ta ƙasar Ghana mun koma makaranta a Satumban nan, shugabanmu ya sake ba ni ɗan filin bayan aji, bai fi taku goma ba, ya ce mu yi lambu da yara. Ni haifaffiyar Zongo ce, ban tashi da fartanya ba. Bara tumatir muka shuka, ruwa ya yi masa yawa ganyen ya yi baƙi, ɗan abin da ya tsira kuma awakin unguwa suka cinye. Wata yarinya ta tsaya a wurin da kwalbar ban ruwanta tana hawaye, har yau abin yana raina. Me zan shuka wanda za su ci da bakinsu kafin hutun Disamba? Kuma yaya zan haɗa shi da darasi?

Tsohon malamin gona, Tafo:
Wa alaikumus salam 'yata. Fara da ƙirga kwanakinki. Ƙaramar daminar Kumasi daga Satumba zuwa Nuwamba take, Disamba na kamawa ƙasa ta fara bushewa. Ki bar tumatir bana. Ki shuka alayyafo, mako huɗu kin fara yanka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai ki cuɗa da yashi kafin ki ba yara su yafa, in ba haka ba wuri ɗaya za su zube shi. Ki sa ayoyo gefe guda, tunda kowane yaro ya san shi a miyar tuwo. Sannan wake: kafin mako ya zagayo ya tsiro, akwai irin da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 70. Idan ya yi fure ki tuge guda ɗaya a hankali, ki wanke saiwar, ki nuna musu ƙulallan da ke jiki, su ne ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kashin kaji kuwa sai wanda ya ruɓe, ɗanye ƙona shuka yake yi. Mu a 1972, lokacin shirin kowa ya ciyar da kansa na Acheampong, shugaban Ghana na wancan zamani, da irin wannan aka fara mana.

Wata uwa, Asawase:
Malama, shinge kafin iri. A samo gora a kewaye, ko ki cika tsofaffin buhunan shinkafa da ƙasa, ki huda gindinsu, ki ɗora kan bulo. Ki kuma raba wa yaran da ke kusa ban ruwan Asabar da Lahadi, da sanin iyayensu.

Malamin lissafi, Asokore Mampong:
Yaya, kowane yaro ya mallaki tushen wake ɗaya da sunansa a jikin kara. Duk Litinin ya auna da rula ya rubuta santimita nawa, ga lissafi ya samu. Ki rufe tushe ɗaya da kwali na mako guda, ranar buɗewa su ga yadda ya zama dogo, siriri, fari-fari. Kada ki faɗa musu dalili, bari su yi ta gardama tukuna. Girbin waken zai faɗo kusa da Ranar Manoma, wadda aka saba yi a Juma'ar farko ta Disamba, sai ki gayyaci iyaye.

Malamar aji 4, Aboabo:
Allah Ya saka da alheri. Gobe zan nemo gora, Litinin mu shuka wake da alayyafo. Baba, tazara nawa zan bari tsakanin ramukan waken?

Tsohon malamin gona, Tafo:
Taƙi ɗaya na hannunki, ƙwaya biyu a kowane rami. Ramin kuma kada ya wuce gaɓa biyu na yatsa.