Surukata ta hana ni zuwa awo, in je a ɓoye?

Amaryar Bara: Salamu alaikum 'yan uwa. Cikin fari ne, wata huɗu. Maigida yana Legas, ina zaune da Hajiyarsa. Ta ce babu awo sai ciki ya tsufa, wai tallan ciki shi ke jawo baki. Na gaya masa, ya ce in bi maganarta. Ba na barci, sai kuka ba dalili. Juma'a zan je gidanmu, in lallaɓa asibiti daga can?

Maman Iman: Ki gaya wa mijinki mana.

Amaryar Bara: Anti, ai na ce na gaya masa.

Ummu Sadik: Ni haka aka yi min. Ƙafafuna suka kumbura har silifas ya daina shiga, ga ciwon kai, aka ce alamar tagwaye ce, aka yi ta ɗura min jiƙo. A wata takwas jijjiga ta kama ni a bakin murhu. Na farka a asibiti, yaro an riga an binne. Ko arba'in ban yi ba ya kai kuɗin auren wata, Hajiyar ce ma ta zaɓo masa.

Maman Iman: Innalillahi! Kina gidan har yanzu?

Ummu Sadik: In je ina da 'ya'ya uku?

Anti Nas: Ƙanwata, je ki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awo sau 8, na farko kafin a wuce sati 12. Za a auna hawan jini, a gwada fitsari, a ba ki maganin ƙarin jini da allurar tetanus. Kukan nan ma ki faɗa musu. A wasu asibitocin gwamnati kyauta ne.

Zee Kaduna: Kyauta a ina? Dubu bakwai na kashe, ban da sikanin.

Maman Iman: Mu ɗari biyar muka yanki kati.

Hajiya Babba: Tara na haifa a ɗaki. Kada ku koya wa yarinya fita ba izini, aurenta za ku kashe. Uwarta ta je ta sami surukar.

Anti Nas: Hajiya, waɗanda ba su tashi ba ai ba sa nan balle su ba da labari.

Zee Kaduna: Ki ce kwaɗayin awarar bakin asibiti kike, ba a hana mai ciki kwaɗayi. 😂

Ummu Sadik: Ku ma nas-nas ɗin kuna kore mutane. Ina naƙudar Sadik wata ta daka min tsawa, wai lokacin da nake jin daɗi ta ji ihuna?

Anti Nas: Mu biyu ne a kan mata sun fi hamsin.

Zee Kaduna: To shi ne za ku sa mu sayo safar hannu da Jik, ragowar kuma ba a dawo mana da ita?