Ta ina zan fara tsare kwamfutar gida da asusuna na intanet?

Malamar Lissafi:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfuta a zauren nan.

Ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata. Laftof ɗaya gare mu a gida, HP ce ta hannu, Windows 10 ke kanta. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa, a ciki makin ɗalibaina yake tun na zangon farko, har da lissafin adashin malamai mata da aka danƙa mini. Da yamma yara su ɗauka su yi aikin gida, babbansu ya sauke wasan ƙwallo, ƙanin maigida ma in zai cike fom ita yake ara.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da ya sami wata abokiyar aikina makon jiya. Wani ya kira ta ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro ta intanet da dare, an turo mata lambobi shida, ta karanta masa don a sa sunanta. Ta karanta. Kafin la'asar WhatsApp ɗinta ya fita daga hannunta, ana ta tura wa mutane saƙo da sunanta wai an kwantar da ɗanta a asibiti, a taimaka mata da kuɗin magani. Har ƙanwarta ta ciki ɗaya ta tura.

Ni yanzu me zan fara yi? Sai na sayi manhajar kashe bairos? Kuma na ji ana cewa kowane asusu da tasa kalmar sirri daban, ta yaya mutum zai haddace su duka? Don Allah a yi mini bayani yadda wadda ba ta karanci kwamfuta ba za ta gane. Sayen sabuwar na'ura ba ya cikin lissafina a bana.

Mai Gyara:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya mayar wa waɗanda aka cuta da mafi alheri. Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma in za ki bi ta tawa, kada ki fara da sayen komai. Ki fara da imel ɗinki.

Duk inda kika buɗe asusu, in aka danna wurin "na manta kalmar sirri", imel ko layin waya ake tura wa hanyar canza ta. Wanda ya riƙe Gmail ɗinki ba ya buƙatar sanin sauran kalmominki, canza su zai yi ɗaya bayan ɗaya. Imel kamar ƙusar da ake rataye makullan gida ne gaba ɗaya. Saboda haka ki ba shi kalmar da ba ki taɓa sa wa a ko'ina ba, kuma mai tsawo. Tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani. Ki haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, irin su tukunya, jirgi, Talata, gishiri, ki ƙara lamba a tsakani (ba waɗannan da na rubuta ba, ki nemo naki). Ban da sunan ɗa, ban da shekarar haihuwa, ban da lambar waya. Waɗannan duk wanda ya leƙa Facebook ɗinki ya gan su.

Daga nan ki shiga myaccount.google.com, ɓangaren tsaro, ki kunna tantancewa mataki biyu. Ko an saci kalmar, sai an sami wayarki kafin a shiga. A wurin za ki ga Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda goma, kowace sau ɗaya take aiki. Ki kwafe su a takarda ki adana, don ranar da waya ta ɓata su ne za su buɗe miki. Ki duba lambar waya da aka sa ta dawo da asusu, ki tabbatar wadda ke hannunki ce yanzu. Na sha ganin mutum ya bar tsohon layin da ya jefar, kamfani ya sake sayar wa wani, saƙon sirrinsa yana tafiya wayar baƙo.

WhatsApp ma haka. A cikin saitinsa, ƙarƙashin Account, akwai Two-step verification, ki sa lambobi shida naki na kanki. Da abokiyarki ta sa wannan, da ko ta karanta masa lambar da aka turo zai tarar da wata ƙofar a rufe. Ki faɗa mata ta sake yin rajistar lambarta a wayarta, da zarar ta shigar da sabuwar lambar da za a turo, za a fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa lambobin sirri, sai ta jira kwana bakwai. Kuma ki sanar da yara da maigida: lambar da ta shigo ta saƙo ba a karanta wa kowa, ko ya ce daga banki yake, ko ya kira cikakken sunanki.

Maganar maimaita kalma ɗaya a wurare da yawa, ga inda haɗarin yake. A 2013 aka yi wa Yahoo kutse, daga baya a 2017 aka bayyana cewa abin ya shafi duka asusu biliyan 3 da suke da su. Irin bayanan da ake kwashewa haka ana sayar da su, masu kutse su riƙa gwada imel da kalmar a wasu shafukan. Ke ba ki yi laifin komai ba, wani kamfani ne aka fasa, amma in kalmar ɗaya ce an gama da ke. Akwai shafin haveibeenpwned.com na wani masanin tsaro ɗan Ostireliya, Troy Hunt. Ki rubuta imel ɗinki kawai, zai nuna miki ko ya taɓa fita a irin wannan sata. Haddacewa kuwa ba dole ba ne, akwai ma'ajiyar kalmomin sirri irin Bitwarden, kyauta ce, kalma ɗaya tak za ki riƙe ita ta riƙe sauran.

Bairos: Windows 10 da nata mai gadin take zuwa, Microsoft Defender, kuma ya wadatar da kwamfutar gida muddin yana kunne yana samun sabuntawa. Abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne wasan ƙwallon babban yaro. Yawancin wasanni da manhajojin da aka fasa ake rabawa kyauta, da sharri a cikinsu, kuma umarnin farko da suke bayarwa shi ne a kashe Defender kafin a girka. Akwai wata cuta da ake kira STOP ko Djvu, ta wannan hanyar take yawo. Takan kulle duk takardu da hotuna, ta bar wasiƙa mai suna _readme.txt tana neman dala 980, ko 490 in an biya cikin awa 72. Wanda aka kawo mini na ƙarshe mai ɗaukar hoton biki ne, aikin amare da yawa ya kulle, ban iya ceto masa su ba. Har yanzu in na tuna fuskarsa raina yakan ɓaci.

Don haka ki buɗe wa yara da baƙi asusu nasu daban a laftof ɗin, na talakan mai amfani, ba na Administrator mai cikakken iko a kan kwamfutar ba. Naki ki sa masa kalmar sirri. Ba za su iya girka mafi yawan manhajoji ba sai da izininki, ba kuma za su ga tambayoyin jarrabawa ba. In za ki tashi ko ruwa za ki sha, ki danna maɓallin Windows da L tare, allo zai kulle.

Dattijo Mai Ritaya:

Salamu alaikum. Malam Mai Gyara ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya yi albarka. Wuri ɗaya na saɓa da shi, maganar ma'ajiyar kalmomi. Ga matasa babu laifi. Amma 'yata, in kin ga za ta rikita ki, ki sami ƙaramin littafi ki rubuta kowane asusu da kalmarsa da biro, ki kulle a akwatin da kike ajiye takardun makaranta da na fili. Ɓarawon da ke wata ƙasa ba zai iya buɗe akwatinki ba. Sharaɗi dai kada littafin ya shiga jakar laftof, kada kuma ki ɗauki hotonsa a waya. Ni haka nake yi. Wani amfaninsa kuma, mu duka masu tafiya ne. Na ga iyalin da suka sha wahala bayan rasuwar maigida saboda babu wanda ya san yadda za a shiga imel ɗinsa, alhali takardun haƙƙinsa na ciki. Mutum ɗaya amintacce ya san inda littafin yake.

Mai POS:

Hajiya ki ƙara da sim. Mutane suna kulle waya su manta da shi. Ɓarawo ba ruwansa da makullin allo, zare sim ɗin zai yi ya sa a ƙaramar waya, duk saƙon banki da lambobin tantancewa su riƙa shigo masa. Ki shiga saitin waya ki nemi makullin sim, ki sa masa PIN naki. Ki yi hankali wajen sawa: in aka yi kuskure sau uku zai nemi PUK, wanda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, in aka yi kuskuren PUK sau goma kuma sim ya mutu. Ki nemo katin nan tukuna. Kuma ranar da kika ga layinki ya ɗauke sabis haka kawai alhali na kusa da ke suna da shi, kada ki jira gobe, ki je ofishin kamfanin layin, ki kuma sa banki su tsayar da asusun. BVN da NIN ma kada a bar su a ajiye cikin lambobin waya da sunansu ɓaro-ɓaro, wurin da ake fara dubawa ke nan.

Malamar Lissafi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, littafin ya fi kwanta mini, shi zan yi. Na kunna tantancewa mataki biyu a WhatsApp da Gmail yanzu, na kuma kira abokiyar tawa na karanta mata abin da Malam ya rubuta.

Sauran abu biyu. Wanda ya sayar mana da laftof ɗin ya kashe sabuntawar Windows, ya ce data take cinyewa. Gaskiya data tana yi mana tsada, dole ne sai an kunna? Sannan ina yawan kai filash shagon buga takardu, wani lokaci in na dawo sai in ga fayilolin sun koma wasu iri, da 'yar kibiya a jikinsu.

Anti Mai Shagon Buga Takardu:

Yaya, wannan 'yar kibiyar mun san ta sarai. Bairos ne da ke bin filash daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Yana ɓoye ainihin fayilolinki ya ajiye na bogi masu sunansu, kina dannawa ya shige na'urarki. Kada ki buɗe su. Ki danna filash ɗin da ɓangaren dama na linzamin kwamfuta (mouse) ki sa Defender ya bincike shi. Fayilolin na nan ba su goge ba, ɓoye su aka yi, mai gyara zai fito miki da su cikin minti kaɗan.

Ni da nake da shago nake gaya miki, kwamfutar shago filash nawa ake soka mata a wuni, ba mai iya rantsuwa a kanta. Ki mayar da takardar PDF ki turo ta waya, ko ki ware filash ɗaya na fita wanda babu komai a ciki sai abin da za a buga. Tambayoyin jarrabawa kuwa ki tsaya a buga a gabanki, a goge a gabanki, har cikin kwandon shara na kwamfutar. Kuma don Allah kada ki shiga imel ɗinki a kwamfutar shago. Sau da yawa ina zuwa rufe shago in tarar da Gmail ko Facebook na wani a buɗe, ya tafi gida abinsa, sai ni nake fitar masa.

Mai Gyara:

Malama, a kunna. Sabuntawar nan toshe ƙofofin da aka gano ne a jikin Windows. A watan Mayu 2017 cutar WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, har ta tsayar da aiki a wasu asibitocin Birtaniya, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganin ƙofar da ta bi. Waɗanda ba su sabunta ba ta kama. Ba kullum ake sauke mai nauyi ba, babbar tana fitowa ne Talata ta biyu a kowane wata. Ki saita intanet ɗin a matsayin Metered connection don kada ta sha data ba da saninki ba, sannan sau ɗaya a wata ki sayi datar dare mai rahusa ki bar ta ta gama. Ta farkon ce za ta yi nauyi tunda an daɗe a kashe, wannan in akwai Wi-Fi a makaranta ko wurin wani ɗan uwa, ki yi a can.

Sai dai akwai maganar da dole in faɗa miki. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Ta buɗe shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU da ke ba masu kwamfutar gida sabuntawar tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026, ga wanda ya yi rajista kuma Windows ɗinsa ta kai sigar 22H2. Ki sauke PC Health Check daga shafin Microsoft, zai gaya miki ko HP ɗin za ta ɗauki Windows 11. In ba za ta ɗauka ba, ba sai an jefar da ita ba, ana iya sa mata Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce, tana tafiya lafiya a tsofaffin na'urori, kuma da LibreOffice take zuwa, wanda zai buɗe takardunki na Word da Excel. Illarta ɗaya, wasan yaron mai yiwuwa ba zai yi a kanta ba.

Kafin a taɓa komai daga cikin waɗannan, ki kwafe makin ɗalibai da lissafin adashi zuwa wuri biyu. Ɗaya a Google Drive, kina da gigabait 15 kyauta tare da Gmail ɗinki, takardun rubutu ba za su cinye ko kaɗan daga ciki ba. Ɗayan a sabon filash da ba ya fita daga gida. Kina gama kwafa ki zare shi, don cutar da ke kulle fayiloli takan haɗa da duk abin da ta tarar a soke. Duk ranar da kika shigar da sabon maki ko aka yi zubin adashi, ki sake kwafa, kuma lokaci-lokaci ki buɗe fayil ɗaya daga filash ɗin ki tabbatar yana buɗuwa.