Wai da gaske ana gano mai kare ta kashin karensa?

Malam Sabo: Assalamu alaikum. Masana a taimaka. An ce wasu garuruwan Turai suna yi wa karnuka rajistar DNA, wato bayanan ƙwayoyin halitta da ke bambanta kowane kare da wani, in an tsinci kashi a titi sai a gano mai karen a ci shi tara. Ta yaya kashi zai tona asirin kare? Kuma abin yana aiki kuwa?

Dakta Bilki: Wa alaikumus salam, Malam Sabo. Gaskiya ne. Da farko likitan dabbobi zai goga auduga mai tsinke a cikin kumatun kare, a bar ta ta bushe, a aika ɗakin gwaji. Kada karen ya ci abinci ko ya sha ruwa a kwano ɗaya da wani kare dab da gogawar, don yawunsu na iya cakuɗewa. A ɗakin gwajin za a karanta wasu gurabe a ƙwayoyin halittarsa, a haɗa sakamakon da lambar 'yar na'urar shaida da ke ƙarƙashin fatarsa. Kamfanin PooPrints na Amurka gurabe 16 yake dubawa.

Shi kuwa kashi, yayin fitowa yana kwaso ƙwayoyin bangon hanji a jikinsa. Shi ya sa bayansa ake kankara, ba tsakiya ba, kaɗan ya isa, a jefa a kwalba mai ruwan adanawa, a kai ɗakin gwaji a kwatanta da abin da ke cikin rajista. A nan aiki ya fi lalacewa. Rana da ruwan sama suna ruɓar da DNA, ruwan matsarmama da ke cikin kashin yana hana gwajin kamawa, kuma in wani kare ya yi fitsari a kai an samu gauraye. Ɗanye ake so, busasshe sau da yawa asarar kuɗi ne.

Injiniya Lawal: Dakta ta gama da ɗakin gwaji, amma matsalar ba a can take ba. Gwaji ba ya kama karen da ba ya cikin rajista, kuma mai barin kashi a titi shi ne ba zai kai karensa ba. Lardin Bolzano a arewacin Italiya ya tilasta wa masu karnuka kusan 40,000 yin gwajin a kan yuro 65, amma zuwa farkon 2024 kusan 5,000 kaɗai suka yi. Ga karnukan masu yawon buɗe ido, ga marasa iyayengiji. Inda abin ke ci shi ne rukunin gidajen haya a Amurka: ƙofa ɗaya ce, kuma ba rajista, ba mabuɗin gida.

Malam Sabo: To in mutum ya ce bai yarda ba fa, Injiniya?

Hajiya Rabi: Yana da ta cewa, Malam. Dole kowace kwalba ta zo da hoto, wuri, lokaci da sa hannun ma'aikacin da ya ɗauka, in ba haka ba lauya zai ce wani ne ya ɗauko kashin ya ajiye. Sannan akwai batun bayanan mutane, tunda rajistar na ɗauke da suna da adireshi. A Béziers ta Faransa, magajin gari Robert Ménard ya gwada a 2016, kotu ta taka masa birki. Ya dawo a 2023 da doka ta tsakiyar gari kawai: yuro 38 ga wanda ya fito da kare ba takardar shaida, yuro 122 kuɗin shara ga wanda gwaji ya kama.