Waƙoƙina da ban gama ba duk a warwatse suke, ya zan adana su?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen masu harkar situdiyo. Ni mai rubuta waƙa ne kuma ina haɗa kiɗa da kaina, yadda nake aiki shine duk inda kari ya faɗo min, ko a adaidaita sahu ne ko bayan sallar asuba, sai in ɗauko waya in rera amshin in ɗauka, in na samu sarari in zauna kan fiyano in sa masa kiɗa. To wata biyu da suka wuce memorin wayata ya daina karantawa, na kai wajen masu gyara abu ya gagara. A ciki akwai wani amshi da na rera ƙasa ƙasa a barandar asibiti lokacin ina jinyar mahaifiyata, wallahi kalmomin suna kaina amma karin ya tafi, kullum sai na gwada kuma na san ba shi bane.

Yanzu ina da waƙa 11 da ban kammala ba, wasu a laftof cikin FL Studio, manhajar da nake haɗa kiɗa da ita, wasu a wani situdiyo a Zoo Road, wasu kuma a WhatsApp kawai suke. Ga kwali guda na kaset ɗin mahaifina na makaɗan da, ina so in mayar da su kwamfuta in haɗa da nawa wuri ɗaya. Ta ina zan fara?

Amsa daga wani mai situdiyo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena Allah ya mayar maka da mafi alheri, Allah ya ba Mama lafiya. Ka fara da waɗanda baka gama ba, domin waƙar da ta fita tana wayar mutane ko ka rasa taka zaka samu wajen wani, amma wadda take kan aiki kai kaɗai ne da ita. Kuma ka sani wannan fayil ɗin flp da FL Studio ke ajiyewa ba sautin ne a ciki ba, tsarin aikin ne kawai da inda sautukan suke a kwamfutarka, shi yasa mutum zai kwafe shi a filas ya zo min da shi mu buɗe, ganga babu, murya babu, sai saƙon ba a ga fayil ba. Ka shiga export ka zaɓi zipped loop package, shi zai ɗaure aikin da sautukansa a zip ɗaya. Bayan haka ka fitar da kowane layi daban a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a rage masa komai ba, muryarka daban, 'yan amshi daban, kalangu daban, bas daban, duk su fara daga farkon waƙar. Ko nan da shekara goma ka koma Cubase ko wata manhajar haɗa kiɗa, jera su kawai zakayi ka ci gaba daga inda ka tsaya. MP3 na saurare ne, an riga an yanke masa wani sashe na sautin kuma baya dawowa, kada ka taɓa barin shi ya zama shine asalin aikinka. Na situdiyon Zoo Road ma kaje da had dis ɗinka a satin nan ka karɓo, cikin mutunci, su ma kwamfutarsu na iya mutuwa.

Wani mamba:
Memori na bogi sun cika kasuwa malam, a rubuce 64GB amma cikinsa bai kai ba, yana cika sai ya fara cinye na baya. In ka sayi sabo ka gwada shi da manhajar H2testw mai auna ainihin cikinsa kafin ka zuba komai.

Wata mamba:
Yaya ni maganar kaset ce ta taɓa ni don nayi na kakata bara. Rediyo mai kaset mai kyau zaka nema, ka goge kansa da auduga da ɗan sifirit, ka haɗa kebul daga wajen iyafis zuwa kwamfuta ka ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. Kaset na minti 60 sai ka zauna minti 60 ɗin, babu gaggawa a ciki. Kafin ka kunna ka juya shi da biro ka ga ko zaren ya manne. Abin da nayi nadama shine ban ɗauki hoton bangon kaset ɗin ba, yanzu akwai waƙoƙi uku da ban san mai su ba kuma kakar tawa ta rasu. Indai Baba yana nan ka zaunar da shi ya faɗa maka sunan makaɗin da wanda aka yi wa waƙar, ka rubuta a jikin fayil ɗin da manhajar Mp3tag.

Mai tambaya:
Nagode sosai Allah ya saka. Baba yana nan alhamdulillah, ranar Juma'a zan je masa da kwalin. Amma yallaɓai mai situdiyo WAV ɗin nan ba zai cika min waje ba? Google Drive ɗina 15GB ne kawai kuma data ma abin dubawa ce.

Mai situdiyon:
Zai ci waje gaskiya. Minti ɗaya na WAV irin ingancin CD kusan 10MB ne, waƙar minti biyar 50MB kenan, in layinta 20 ne ka doshi 1GB. Kuma 15GB ɗin nan tare kake rabawa da Gmail da hotuna. Ka mayar da WAV ɗin zuwa FLAC, shi ma nau'in fayil ɗin sauti ne, yana rage kusan rabi kuma ba abin da ke ɓata a sautin. Had dis biyu zakayi, ɗaya a gidanka ɗaya a gidan Baba, Drive kuma ka bar shi wa muryoyi da ƙananan karin da kake ɗauka a waya, su ne basu da nauyi kuma su ne ba a sake samu. Sunan fayil ka sa kwanan wata a gaba, shekara sannan wata sannan rana, sai su jeru da kansu. In zaka tura wa mawaƙiya ta koyi amshi ka yanko mata wajen amshin kawai, kada cikakkiyar waƙar ta fita ta faɗa hannun masu turi kafin ka gama miksin. Kuma daren yau ka rera kalmomin amshin Mama da duk karin da ya zo maka ka ɗauka, ka tura Drive kafin ka kwanta.