Yadda Za a Gane Kiɗan R.B.I. Baseball

A wata tattaunawa kan yadda za a gano sunan kiɗan da ke cikin wasan bidiyo na R.B.I. Baseball, masu tattaunawar sun ce kafin a nemi sunan kiɗan, a fara tantance wace fitowar wasan ake bugawa. R.B.I. Baseball da kamfanin Tengen ya fitar a Amurka a 1988 daga wasan Family Stadium na kamfanin Namco ya samo asali, wanda ya fito a Japan a 1986, don haka da sunan Japan ɗin za a fi samun bayanin kiɗan. Kaset mai launin toka yana da lasisin Nintendo (kamfanin da ya ƙera na'urar da ake buga wasan a kanta), baƙin kuwa babu, amma wasa ɗaya ne. Shawarar da ta fi burge ni: a duba saitin emulator (manhajar da ke kwaikwayon na'urar wasan), domin PAL (tsarin talabijin na yawancin ƙasashen Turai) yana rage saurin kiɗa har a ɗauka wani ne daban.