Taƙaitawa: raba hanya a JIT bisa ƙimar da ba a sani ba sai shirin na gudana

JIT hanya ce ta samar da umarnan na'ura yayin da shiri ke gudana. Tambayar da aka tattauna ita ce yadda umarnan da ake samarwa za su raba hanya bisa ƙimar da ba a sani ba tukuna. Ga abin da na tattaro daga maganganun da aka yi.

1. Kusan kowa ya yarda cewa ruɗanin daga cakuɗa lokuta biyu yake: lokacin samar da umarnai da lokacin gudanar da su. `if` ɗin da ka rubuta cikin shirin da ke samar da umarnai, a lokacin samarwa yake aiki, sau ɗaya tak. Ƙimar kuwa ba ta iso ba tukuna, wakilinta kawai ke hannunka.

2. Don haka sharaɗin ma samar da shi ake yi. A LLVM (tarin kayan aikin gina shirye-shiryen da ke samar da umarnai), ka kwatanta ƙimomin da umarnin `icmp`, ka buɗe sashen "eh", sashen "a'a" da mahaɗarsu, sannan `br` ya zaɓa. `phi` a farkon mahaɗar ne ke karɓar sakamakon hanyar da aka biyo. An ja kunne sosai a nan: duk sashe dole ya ƙare da umarnin fita (kamar `br`), in ba haka ba mai tantancewar LLVM zai ƙi shi.

3. Ga ƙaramin zaɓi, umarnin `select`, mai zaɓar ɗaya cikin ƙimomi biyu ba tare da raba hanya ba, ya wadatar. Amma ana lissafa ɓangarorin biyu duka, saboda haka a kiyayi rabawa da sifili.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce in ƙimar ba ta cika sauyawa ba, a ɗauke ta tabbatacciya, a sa mata mai gadi (gwajin da ke duba cewa ba ta sauya ba) kamar yadda PyPy da LuaJIT, masu JIT na harsunan Python da Lua, ke yi. Wasu suka ce sake samarwa duk sanda ta sauya zai cinye ribar. A ganina sai an auna saurin kafin a ɗauki wannan wahalar.